Shuɗɗan taurarin da suka ƙi tsufa a cikin curin taurari

Wani malami da ke koyar da Fiziks a wata makarantar sakandare a Argungu ya aiko mini da tambayar da wata ɗalibarsa ta yi masa a aji. Ya ce ya koya musu cewa shuɗɗan taurari su ne mafiya zafi da nauyi, kuma su ne ke saurin ƙarewa. Ya kuma koya musu cewa taurarin da ke dunƙule a cikin curi guda, wato dunƙulallen gungun taurari masu ɗimbin yawa, duk a lokaci ɗaya suka samu, shekara biliyan 12 ko fiye da suka wuce. Sai yarinyar ta kawo wani hoto da madubin hangen nesa na Hubble ya ɗauka, ta nuna masa ɗigo-ɗigon shuɗi a tsakiyar curin, ta ce, to waɗannan fa, me ya hana su mutuwa?

Malam, Allah ya ƙara basira, ya kuma yi wa wannan ɗaliba albarka, domin tambayar da ta yi ita ce ta tsaya wa masana a rai tun 1953. Abubuwa biyun da ka koyar duk daidai ne. Abin da ya rage a ƙara musu shi ne cewa tauraro yana iya samun ƙarin nauyi bayan ya tsufa, ko dai ta hanyar zuƙe abokin zamansa, ko kuma ta hanyar haɗewa da wani tauraron, kuma idan nauyi ya ƙaru sai launi da haske su koma irin na matashi, alhali kayan da ke jikinsa tsoho ne tukuf.

Kafin in shiga bayani, akwai gyara guda da ya kamata ka kai wa ɗalibar. Ba kowane ɗigon shuɗi da ke cikin irin wannan hoto ba ne abin da muke magana a kansa. Da yawa daga cikin mafiya haskensu tsofaffin taurari ne da suka riga suka wuce matakin kumbura, suka zubar da wani ɓangare na rigarsu ta waje, suna ƙona hiliyam a cibiyarsu, shi ya sa zafin cikinsu ya fito fili. Waɗannan ba su saɓa wa lissafi ba. Waɗanda suka saɓa wa lissafi su ne waɗanda har yanzu haidurojin suke ƙonawa a cibiya, kamar yadda Rana take yi, amma sun fi duk sa'o'insu da ke wannan mataki haske da zafi. Sunan da aka ba su a Turance yana nufin shuɗɗan da aka bari a baya, kamar dabbar da garke ya wuce tana nan tana jan ƙafa, don haka a nan zan riƙa kiran su shuɗɗa masu jan ƙafa.

Curin taurari, wato dunƙulallen gungun da ke ɗauke da taurari dubu ɗaruruwa har zuwa miliyoyi, ya bambanta da sakakken gungu irin Kaza da 'ya'yanta, wadda malaman hisabi ke kira Surayya. Taurarin Kaza shekarunsu kimanin miliyan 100 ne kacal, saboda haka shuɗinsu ba abin mamaki ba ne. Curi kuwa yana cikin tsofaffin abubuwan da ke galaksinmu, wato farin zanen nan da ke keta sama a daren da babu wata, wanda Larabawa ke kira Majarra, kuma an san curi fiye da 150 da ke kewaya shi.

Dalilin da ya sa launi ke nuna zafi, duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya gan shi. Idan yaron maƙeri ya fara zuga, ƙarfen da ke cikin gawayi yakan yi ja mai duhu, sai ya koma ruwan goro, sai rawaya, in aka matsa wa zugazugi sai ya yi fari har ido ya kasa jurewa. Da ƙarfe zai iya ɗaukar zafin da ya wuce nan bai narke ba, da haskensa ya karkata zuwa shuɗi. Fuskar Rana tana da zafin kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, kuma tauraron da ya fi ta nauyi ya fi ta zafi, domin nauyin da ke danne cibiyarsa ya fi yawa, haɗewar haidurojin zuwa hiliyam kuma tana gudu da sauri. Matsalar ita ce cin man ya fi ƙaruwar tankin. Tauraron da ya ninka Rana sau biyu a nauyi yana da man da ya ninka nata sau biyu, amma haskensa ya ninka nata fiye da sau goma, don haka yayin da Rana za ta yi kimanin shekara biliyan 10 tana ƙona haidurojin, shi abin da zai yi bai wuce biliyan 1 zuwa 2 ba.

Idan aka jera taurarin curi a kan jadawalin nan na Hertzsprung da Russell, haske a tsaye, launi a kwance, sai a ga masu ƙona haidurojin sun bi gwadabe guda, ƙanana jajaye a ƙasa, manya masu zafi a sama. Amma gwadaben yana yankewa a wani wuri, inda taurari ke yin kwana zuwa ɓangaren ja domin man cibiyarsu ya ƙare sun fara kumbura. A tsofaffin curi wannan kwana tana wajen kashi 80 cikin 100 na nauyin Rana, ma'ana duk tauraron da ya fi haka nauyi ya kamata a ce ya riga ya bar gwadaben. A 1953 Allan Sandage, yana aiki da babban madubin Dutsen Palomar a Amurka, ya auna taurarin curin M3, wanda ke da nisan shekarar haske kimanin 34,000 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya cikin shekara guda), sai ya tarar da wasu 'yan taurari a saman kwanar, a kan ci gaban gwadaben, inda lissafi ya ce babu kowa.

An gwada bayanai masu sauƙi tukuna. An ce ko baƙi ne da suka faɗo a kan layin kallo kawai, amma auna tafiyarsu ya nuna tare suke tafiya da curin. An ce ko daga baya aka haife su, amma curi ba shi da tarin iska da ƙurar da ake gina sababbin taurari da su. Abin da ya ƙara haskaka lamarin shi ne auna nauyi: a 1997 Michael Shara da abokan aikinsa suka yi amfani da Hubble suka auna ɗaya daga cikinsu a cibiyar curin 47 Tucanae, suka samu nauyinsa ya kai kimanin 1.7 na nauyin Rana, wato kusan ninki biyu na nauyin taurarin da ke kwanar, kuma yana juyawa da gudun da ya zarce na Rana nesa ba kusa ba. Tambayar sai ta koma: daga ina ƙarin nauyin ya fito?

Amsa ta farko William McCrea ne ya kawo ta a 1964, kuma ta dogara ne a kan cewa taurari da yawa tagwaye ne, biyu suna zagaya juna. Mu kira su Hassan da Husaini, a ce Hassan ya ɗan fi nauyi. Shi zai riga ƙare man cibiyarsa, ya fara kumbura yana zama jan ƙato. Kowane ɗayansu yana da iyakar yankin da ƙarfin janyowarsa ke mulki, kuma yankunan biyu suna haɗuwa a wani ɗan mashigi a tsakaninsu. Masanin lissafin Faransa Édouard Roche ne ya fayyace siffar wannan yanki, shi ya sa ake kiran sa da sunansa. Da zarar Hassan ya kumbura ya cika yankinsa, sai iskar jikinsa ta fara tsiyaya ta mashigin tana zuba a kan Husaini, kamar yadda ruwa ke bin karyayyar kunya daga wannan fangali zuwa na kusa da shi a gonar shinkafa. Husaini yana ƙara nauyi, cibiyarsa tana ƙara matsuwa da zafi, sai ya haura gwadaben ya wuce kwanar ya zama shuɗi. Hassan kuma idan an gama kwashe rigarsa, abin da ke saura shi ne tsirarar cibiyarsa, wadda ke zama farin wada, ɗan ƙaramin tauraro mai girman da bai wuce na duniyarmu sosai ba. Idan kuwa tagwayen sun yi kusa da juna ƙwarai, suna iya taɓa juna su shiga riga ɗaya, zagayensu yana ta tsukewa har su narke su zama tauraro guda. An taɓa ganin irin wannan haɗewa da idon na'ura a 2008, a tauraron V1309 da ke buruji na Kunama, wanda bayanan shekarun da suka gabata suka nuna tagwaye ne masu zagaya juna cikin kwana 1.4, zagayen yana raguwa har ranar da suka haɗe. Wannan ba a cikin curi ya faru ba, amma ya tabbatar da cewa hanyar tana aiki.

Amsa ta biyu ita ce karo, wadda Jack Hills da Carol Day suka lissafa a 1976. A nan sai an yi hattara da girman sarari. Idan aka mayar da Rana ƙwayar gero mai faɗin milimita 2 aka ajiye ta a Birnin Kebbi, tauraron da ya fi kusa da mu, mai nisan shekarar haske 4.2, zai zama wata ƙwayar ce da ke nesa da kusan kilomita 58, wato ta ɗara tazarar da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Ƙwayoyin gero biyu masu irin wannan tazara ba za su taɓa yin karo ba, shi ya sa a unguwarmu ta sama ba a maganar karon taurari. A cibiyar curi mai tsananin cunkoso kuwa, tazarar tana iya sauka zuwa kimanin kilomita ɗaya a wannan ma'auni. Har yanzu fili ne mai yawa, amma idan aka tara taurari dubu ɗaruruwa suna kai da komo na shekara biliyan 12, kuma kowane biyu da suka gifta kusa suna lanƙwasa hanyar juna zuwa ga juna, dole a samu waɗanda suka haɗu. Abin da ke sa su manne maimakon su tarwatse shi ne gudun yawonsu a cikin curi kaɗan ne, wajen kilomita 10 a daƙiƙa, alhali gudun da ake bukata don kuɓuta daga fuskar tauraro irin Rana ya haura kilomita 600 a daƙiƙa. Kwaikwayon da aka yi a kwamfuta ya nuna ɗan abin da ke fantsama waje kaɗan ne, sauran ya dunƙule, ya kumbura na wani lokaci, sannan ya lafa ya zama tauraro guda mai nauyin kusan biyun.

A littattafan ɗalibai ana gabatar da hanyoyin nan biyu kamar kishiyoyi, amma a cikin curi a sarƙe suke, kuma a nan ne nake ganin ya kamata ka fi tsayawa da ajinka. Tun da kana Argungu, ka tuna ranar kamun kifi a Matan Fada. Mutum biyu da suka shiga ruwa hannu sake suna iya wuce juna ba su gogu ba, amma masuncin da ya buɗe homa a dama da hagu ya tare wuri mai faɗi, kuma kusan duk wanda ya gifta sai ya sarƙe da shi. Tagwayen taurari haka suke. Tagwayen da tazararsu ta kai ta Rana da duniya, kilomita miliyan 150, sun tare faɗin da ya ninka na tauraro guda fiye da sau 100, don haka tauraro na uku ya fi saurin faɗawa tsakaninsu. Idan ya faɗa, ukun sukan shiga wata rikitacciyar rawa, suna kusantar juna suna nisanta sau da dama, kuma a cikin wannan rawa ne mafi yawan karo ke faruwa. Ko da ba a yi karo ba, sau da yawa mafi sauƙin ukun ake cillawa waje, sauran biyun su ƙara matsewa, abin da ke gaggauta tsiyayar iska daga ɗaya zuwa ɗaya. A gefe guda kuma cunkoson yana wargaza tagwayen da ke da tazara mai faɗi tun kafin su kai ga tsiyaya. Ke nan cunkoso yana bayarwa da hannun dama yana karɓewa da na hagu. Akwai ma hanya ta uku, wadda Hagai Perets da Daniel Fabrycky suka bayyana a 2009, inda tauraro na uku da ke zagaya tagwaye daga nesa yake karkata zagayensu sannu a hankali har su haɗe.

To wace hanya ce ta fi yawa? Da karo ne babban tushe, da curin da ya fi cunkoso shi zai fi yawan shuɗɗa masu jan ƙafa. A 2009 Christian Knigge da Nathan Leigh da Alison Sills suka gwada wannan a curi fiye da 50, suka tarar yawansu a cibiya bai bi yawan karon da ake hasashe ba, nauyin cibiyar gaba ɗaya ya fi bi, kuma wannan shi ne abin da za a sa ran gani idan tagwaye ne tushensu. Kafin nan, a 2006, Francesco Ferraro na Jami'ar Bologna a Italiya da abokan aikinsa sun rarraba hasken shuɗɗa masu jan ƙafa guda 43 a 47 Tucanae da babban madubin Turai da ke ƙasar Chile, suka samu 6 daga cikinsu suna da ƙarancin kabon da oksijin a fuskarsu. Wannan tambari ne na tsiyaya, domin irin wannan iska daga can cikin jikin Hassan take fitowa, inda ƙonewa ta riga ta mayar da kabon naitirojin, kuma ba ta isa fuskar Husaini sai an kwashe Hassan har ƙasa. Karo ba ya barin irin wannan alama. Hujja mafi tsafta kuwa daga sakakken gungu ta zo, NGC 188, mai shekara kimanin biliyan 7, inda Robert Mathieu da Aaron Geller suka nuna cewa 16 daga cikin shuɗɗa masu jan ƙafa 21 da ke cikinsa suna da abokin zagaye, yawancinsu da zagayen kusan kwana 1,000, kuma nauyin abokan ya taru wajen rabin nauyin Rana, daidai nauyin farin wada. Daga baya Natalie Gosnell ta yi amfani da Hubble ta gano hasken wasu daga cikin fararen wadannin, suna nan da zafinsu, alamar ba a daɗe da gama kwashe su ba.

Duk da haka ban yarda a jefar da karo ba, saboda curin M30. A 2009 Ferraro da abokansa suka ga shuɗɗa masu jan ƙafa na cibiyarsa sun rabu layi biyu a kan jadawalin, ɗaya ya fi shuɗi, ɗaya ya ɗan karkata zuwa ja. Layin farko ya dace da lissafin 'ya'yan karo, na biyu ya dace da tagwayen da ke tsiyaya, kuma fassarar da suka bayar ita ce cibiyar M30 ta rubza ciki shekara biliyan 1 zuwa 2 da suka wuce, cunkoson ya yi tsanani na ɗan lokaci, ya haifar da iri biyun a tare. Ana ci gaba da muhawara a kan wannan fassara. Ra'ayina, gwargwadon hujjojin da ke ƙasa, shi ne tagwaye su ne gonar da mafi yawansu ke tsirowa a ko'ina, karo kuma yana da rabonsa a cibiyoyin da suka fi cunkoso, kuma ko shi ɗin ma yawanci tagwaye ne ke shirya shi.

Akwai wani amfani da aka samu daga waɗannan taurari wanda Sandage bai nema ba. Tun da sun fi maƙwabtansu nauyi, duk giftawar da suka yi kusa da ƙananan taurari tana rage musu gudu, sai su riƙa nitsewa zuwa cibiyar curin. Sakamakon ya yi kama da abin da mace ke gani idan tana regayar shinkafa a ƙwarya, tsakuwa tana taruwa a gindi, ko da yake a curi musayar gudu ce ke aikin, ba ruwa ba. Nitsewar tana farawa daga na kusa da cibiya, ta bi zuwa na nesa. A 2012 Ferraro da abokansa suka duba curi 21 suka mayar da wannan agogo: a Omega Centauri shuɗɗan a warwatse suke ko'ina, alamar regayar ba ta yi nisa ba, a M3 da 47 Tucanae sun taru a cibiya, sun yi ƙaranci a tsaka-tsaki, sun sake yawa a gefe, a M30 da M80 kuwa kusan duk sun gangara ciki. Curi biyu suna iya zama sa'o'in juna a shekaru, amma ɗaya ya riga ɗaya tsufa a tsarin cikinsa.

Ka kuma gaya wa ɗalibar cewa ƙuruciyar aro ce. Tauraron da ya kai nauyin Rana ɗaya da rabi ba zai wuce 'yan biliyoyin shekaru kaɗan a kan gwadaben ba, sannan shi ma ya kumbura ya zama jan ƙato, ya ƙare a farin wada. Wannan yana nufin waɗanda muke gani yau ba tun farkon curin suka zama shuɗɗa ba, kuma ana ci gaba da yin sababbi.

Su kansu shuɗɗa masu jan ƙafa ba za ku gan su da ido ko da ƙaramin madubi ba, amma akwai abu biyu da za ka iya nuna wa ajinka daga filin makaranta. Curin Omega Centauri, mai nisan shekarar haske kimanin 17,000, yana hawa kusan digiri 30 a saman kudu daga Kebbi, kuma a daren Afrilu ko Mayu da babu wata ko hadari ana ganin sa kamar tauraron da ya dushe ya yi gashi-gashi. Madubin hannu mai ido biyu yana fito da shi sosai. Na biyu shi ne Algol a buruji na Perseus, wanda sunansa daga Larabci ne, Ra'asul Ghul, kuma yana sama ta arewa da daddare daga Nuwamba zuwa Fabrairu idan hazo ya yi sauƙi. Algol tagwaye ne da tsiyaya ta riga ta juya: wanda ya fi tsufa a mataki, ya kumbura, nauyinsa bai kai na Rana ba, shuɗin abokinsa kuma ya ninka Rana fiye da sau uku. Duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49 kumburarren yana giftawa ta gaban shuɗin, hasken ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ya dawo, duka cikin kimanin awa 10. Ka sa ɗalibar ta riƙa kwatanta haskensa da na taurarin da ke kusa da shi kowane dare bayan sallar isha'i, tana rubutawa a littafi da kwanan wata da lokaci, kuma cikin 'yan makonni za ta ci karo da daren da ya dushe.